Amana da Lissafi a Kasuwar Shanu ta Potiskum: Bayanin Masana Dabarun Wasa

Potiskum, Jihar Yobe — A kowace ranar Laraba, kasuwar shanu ta Potiskum, wadda ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma, takan cika maƙil da makiyaya da fatake da dillalai da mahauta, inda dukiya ta miliyoyin naira ke sauya hannu ba tare da an rubuta wata yarjejeniya ba. Ana kawo bunaji da rahaji da wadara daga sassan Yobe da Borno, da kuma Jamhuriyar Nijar da Cadi da Kamaru, sa'an nan a loda su a tirela zuwa Legas da Ibadan da Onica da Fatakwal. Makiyayi dai kuɗinsa yake so a hannu kafin ya saki igiya. Amma daga kansa zuwa gaba, wato tsakanin falke da abokin cinikinsa, da tsakanin mai gida na kudu da mahaucin da zai yanka, wani babban kaso na cinikin a kan bashi yake tafiya.

Abin tambaya shi ne, me ke sa mutumin da aka damƙa wa shanun da ba nasa ba, ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da su, ya sayar, kuma ya komo da kuɗin mai su, alhali kuwa babu wata takarda da za a kai gaban alƙali in ya ƙi? 'Yan kasuwa sukan ce tsoron Allah ne da kare mutunci, kuma haka ɗin ne. Sai dai masana tattalin arziki sun ƙara da cewa akwai lissafi a ƙarƙashin amanar, kuma wannan lissafi yana da sharuɗɗa waɗanda in suka rushe, amanar ma takan raunana. Wani ɓangare na abin da aka sani game da waɗannan sharuɗɗa ya fito ne daga kundayen digiri na uku na waɗansu matasan masana, cikinsu har da wanda ya yi bincikensa a ƙauyukan Zariya.

Fannin da ke nazarin wannan al'amari shi ne ilimin dabarun wasa. Kalmar wasa a nan ba ta nufin raha. Ana nufin duk wani hali da sakamakon matakin mutum ya dogara a kan matakin da wani zai ɗauka, kamar dai yadda mai dara ba ya ajiye ɗansa sai ya hango inda abokin karawarsa zai ajiye nasa. Masanin lissafi John von Neumann da masanin tattalin arziki Oskar Morgenstern ne suka kafa harsashin fannin da littafin da suka fitar a 1944. Bayan shekara shida, a 1950, wani ɗalibi mai suna John Nash ya miƙa wa Jami'ar Princeton ta Amurka kundin digirinsa na uku, mai shafi 28 kacal. Wannan ɗan ƙaramin kundi shi ne ya kai shi ga samun lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 1994, tare da John Harsanyi da Reinhard Selten.

Abin da Nash ya fito da shi ana kiransa daidaiton Nash, ma'ana matsayin da babu wanda zai ƙaru in ya sauya dabararsa shi kaɗai, muddin sauran suna nan a kan tasu. Muhimmin abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, daidaito ba lalle ne ya zama alheri ba. A ɗauki falken da ya sauke shanu a wani gari da bai san kowa ba, ya haɗu da mahaucin da bai taɓa gani ba kuma ba zai sake gani ba. Mahaucin ba shi da kuɗi a hannu sai ya sayar da nama. In aka ba shi sa bashi, abin da ya fi masa riba shi ne ya sulale da kuɗin. Falken ma ya san haka, saboda haka ba zai bayar ba. Ciniki ya mutu ke nan, falke ya rasa mai saye, mahauci ya rasa na yanka, kuma babu ɗayansu da zai iya gyara lamarin shi kaɗai. Albert Tucker, malamin da ya duba kundin Nash, shi ne ya shahara da misalin fursunoni biyu da kowannensu ya tona wa ɗan'uwansa asiri don ya tsira, suka ƙare duka a kurkuku, wanda yake bayani a kan irin wannan tarko.

Da a ce haka duniya take, da babu kasuwar Potiskum. Abin da ya fitar da kasuwar daga tarkon shi ne maimaici, domin Laraba ba ɗaya ba ce.

A ƙaddara, don misali kawai, wani mahauci yana karɓar sa guda na naira 800,000 bashi a kowane mako, yana samun ribar naira 40,000 bayan ya biya. In ya ci amana ya gudu da kuɗin, ya samu naira 800,000 a tashi ɗaya, wato daidai da ribarsa ta mako 20. Amma ya rufe wa kansa ƙofar da ke kawo masa naira 2,080,000 a shekara, bana da baɗi da baɗin baɗaɗa. Ko da ba shi da ɗigon imani, lissafi zai gaya masa ya biya. To, a sake ƙaddarawa cewa gab da Babbar Salla aka ba wannan mahauci shanu biyar a lokaci guda, na naira miliyan 4. Yanzu abin da ke hannunsa ya kai ribar mako 100, kusan shekara biyu ke nan, kuma ma'aunin ya fara rinjaya ta wajen cin amana. Wannan shi ne dalilin da ya sa gogaggen mai gida ba ya sakar wa sabon abokin ciniki kaya da yawa tun farko, sai ya riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan gwargwadon daɗewarsu tare. Bai karanta kundin kowa ba, amma ƙa'idar da yake bi ita ce masana suka rubuta: kada bashin da ke wuyan mutum ya zarce darajar abin da yake sa ran samu daga hulɗar nan gaba.

Sai dai wannan lissafi yana da rami. Yana aiki ne kawai idan wanda ya ci amana ya rasa kasuwar baki ɗaya. In har zai iya cinye kuɗin Alhaji wane yau, gobe ya koma wurin wani falken ya karɓi sabon sa, to babu abin da ya yi asara. Wanda ya yi fice wajen bayanin yadda 'yan kasuwa ke toshe wannan rami shi ne Avner Greif, wanda ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Northwestern a 1989. Greif ya yi nazarin wasiƙun waɗansu fatake Yahudawa da ake kira Magaribawa, waɗanda suka yi fatauci a ƙarni na 11 tsakanin Masar da Tunisiya da tsibirin Sisili a ƙarƙashin daulolin Musulunci, wasiƙun da aka tarar a ɗakin ajiya na wani wurin ibadarsu a tsohon birnin Alƙahira. Ya nuna cewa falke yakan aika kayansa ƙetaren teku ga wakilin da ba danginsa ba, kuma abin da ke tsare wakilin shi ne sanin cewa in ya cuci mutum ɗaya, labari zai zagaya ta wasiƙa, kuma dukan fataken ƙungiyar za su daina ba shi aiki. Daga baya waɗansu masana tarihi sun ja da shi, suna cewa waɗannan fatake sun yi amfani da kotuna fiye da yadda ya nuna. Duk da haka, gundarin hujjarsa ta tsaya: hukuncin taron dangi ya fi na mutum guda tsoratarwa, kuma ba ya yiwuwa sai labari na gudana da sauri tsakanin 'yan sana'a.

Hausawa ba sa bukatar zuwa Alƙahira don ganin wannan. Tun a 1962 da 1963, masanin zamantakewa Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan yana nazarin fataucin shanu da goro, ya kuma wallafa sakamakonsa a wata maƙala a 1965 da littafi a 1969. Ya ƙiyasta cewa a lokacin ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Ibadan, kuma a kan bashi ake sayar da su, tsakanin fatake Hausawa baƙi da mahauta Yarabawa 'yan gari, waɗanda ba su san juna ba. Wanda ya haɗa su shi ne mai gida. Shi ke sauke falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya sa dillalansa su nemo masu saye, kuma mafi muhimmanci, shi ke tsaya wa mahauci. Dillalan mai gida aikinsu ne su san kowane mahauci ciki da waje: shanu nawa yake iya yankawa a mako, bashin wa ke kansa, ko ya taɓa jinkirin biya. Mahaucin da ya ƙi biya kuwa sai a rufe masa ƙofa har sai ya sauke nauyin da ke kansa.

In aka duba da idon ilimin dabarun wasa, abin da mai gida ya yi shi ne mayar da cinikin sau ɗaya ya zama cinikin kullum. Falke yana iya zuwa sau biyu ko uku a shekara, mahauci ba ya tsoronsa. Amma mai gida yana nan kowace rana, kuma mahauci ba ya iya rayuwa ba tare da shi ba. Shi kansa mai gidan akwai abin da ya ɗaure shi, domin ya zuba dukiyarsa a gidajen saukar baƙi da ba zai iya ɗauka ya gudu da su ba, kuma in sunansa ya ɓaci a arewa, gidajen za su zama kango. Cohen ya ma yi bayanin cewa riƙon ɗarikar Tijjaniyya da mazauna Sabo suka yi, da ware masallacinsu na Juma'a, ya ƙara ɗaure jama'ar wuri guda ta yadda da wuya mai laifi ya ɓuya. La'adar da ake biya, wadda waɗansu ke ganin kuɗin banza ce ga mutumin da ko akuya ba shi da ita, a haƙiƙa kuɗin lamuni ne da na sanin mutane.

A Potiskum da sauran kasuwannin arewa, babban nauyin da ke kan dillali na wani fanni ne daban. Mai saye ba ya iya sanin duk abin da mai sayarwa ya sani game da saniya: ko tana ɗauke da ciwon huhu da bai bayyana ba, ko ta daina haihuwa, ko kuma, abin da ya fi kowanne haɗari, ta sata ce. George Akerlof ya nuna a wata maƙala ta 1970, wadda ya gina a kan cinikin tsofaffin motoci, cewa irin wannan bambancin sani yana iya kashe kasuwa. In mai saye ba ya iya rarrabe mai kyau da marar kyau, zai taya kowace da farashin tsaka-tsaki. Mai dabba lafiyayya zai ga an raina masa ya koma da ita ruga. Sai marasa kyau su rage, farashi ya ƙara faɗuwa. Dillalin da ya san Bafulatanin da ya kawo saniyar, ya san rugarsu da ardonsu, kuma ya yarda a neme shi in magana ta taso, shi ne ke hana wannan zamewa. Wanda ya sayi sa ba ta hannun sanannen dillali ba don ya tsira da la'ada, ran da mai shi na ainihi ya zo da 'yan sanda zai san farashin abin da ya ƙi biya.

Akwai kuma wani ɓangare da lissafin tsoro kaɗai ba ya bayyanawa, wato sassauci. Idan tirela ta kife a hanyar Lokoja, ko shanu suka mutu a mota, ko kasuwa ta faɗi warwas a Legas, shin wanda ya kasa biya maci amana ne? Binciken da ya fi dacewa da wannan tambaya na Christopher Udry ne, wanda ya shafe shekara guda, daga 1988 zuwa 1989, yana bin diddigin basussukan gidaje 198 a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya, don kundin digirinsa na uku a Jami'ar Yale da ya kammala a 1991. Udry ya tarar cewa kusan dukan basussukan tsakanin maƙwabta ne da dangi, galibi ba rubutu, ba jingina, ba a kuma yanka ranar biya ko adadin ƙari tun farko. Abin da ya fi jan hankalin masana shi ne, yawan abin da ake biya da lokacin biyan sun danganta ga abin da ya sami ɓangarorin biyu. In ambaliya ko ƙwari sun ɓata gonar wanda ya ci bashin, sai a rage masa ko a jinkirta. In kuwa mai bashin ne masifa ta faɗa wa, sai wanda ya ci ya biya da wuri, har da ƙari. Bashin ya zama wani nau'i na inshora ke nan. Wanda ya ƙi biya da gangan kuma, a gaban dattawa da masu gari ake tuhumarsa.

Sharaɗin da ya sa wannan tsari ya yiwu, in ji Udry, shi ne kowa ya san halin da gonar kowa ke ciki, don haka ba a iya ƙaryar asara. Wannan ya yi daidai da abin da Robert Axelrod na Jami'ar Michigan ya gano a gasar da ya shirya a 1980, inda ya haɗa dabaru iri-iri a kwamfuta suna maimaita wasan fursunonin nan biyu. Dabarar da ta yi nasara mai sauƙi ce: ka fara da kyautatawa, daga nan ka saka wa abokin hulɗa da irin abin da ya yi maka, in ya dawo hanya kai ma ka dawo. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya sun nuna cewa a inda kuskure da tsautsayi ke aukuwa, dabarar da ke yin afuwa jefi-jefi ta fi wadda ba ta yafiya riba. Mai gidan da ke korar kowa a kan jinkirin farko zai wayi gari ba shi da abokan ciniki. Wanda kuma ke karɓar kowane uzuri ba bincike, za a cinye masa jari. Aikin yana wajen bambance tsautsayi da ha'inci, kuma wannan sai da idanu a hanya da kunnuwa a kasuwar kudu.

Ba daidai ba ne a tsaya a kan yabo kaɗai. Igiyar da ke ɗaure 'yan kasuwa a kan gaskiya ita ce kuma ke iya ɗaure su a kan haɗa baki. Idan manyan masu saye kaɗan ne, kuma suna haɗuwa kowace Laraba, suna iya fahimtar juna a kan kada kowa ya taya sama da wani farashi, wanda ya saɓa kuma a juya masa baya, daidai yadda ake yi wa mahaucin da ya ƙi biya. A lissafi, tsarin guda ne. Wanda ke shan wuya ne ya bambanta. A nan makiyayi ne, wanda ya taho daga nesa, bai san nawa ake sayar da irin sansa a Legas ba, kuma dillalin da ya kamata ya kare shi ya fi shi bukatar mai saye na kullum. Shari'ar Musulunci ta daɗe da lura da waɗannan ƙofofi, shi ya sa ta hana tare fatake a hanya kafin su iso kasuwa su san farashi, ta kuma hana mutum ya taya kaya ba da niyyar saye ba don kawai ya ruɗi wani.

Har ila yau akwai batun haƙuri. Ariel Rubinstein ya tabbatar a 1982 cewa a cinikin da ake taya-da-albarka, wanda ya fi iya jira shi ke samun kaso mafi tsoka. Makiyayin da ya kawo sa don biyan kuɗin asibiti, ko wanda rani ya ci ƙarfin dabbobinsa, ba ya iya cewa albarka sau da yawa. A kudu kuma falken ne ke shiga wannan hali. A zamanin binciken Cohen, shanun da aka koro da ƙafa ta cikin dajin tsando sukan kamu da sammore, dole a rabu da su cikin gaggawa kafin su rame. A yau tirela ta rage wannan, amma kowace ranar da sa ya kwana a kara ta Legas kuɗin ciyawa ne da ruwa da gadi, ga nama na zubewa.

Wayar salula ta sauya wani ɓangare na wannan ma'auni. Jenny Aker, wadda ta kammala digiri na uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2008, ta bi yadda layukan waya suka shiga kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar tsakanin 2001 da 2006, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Binciken a kan hatsi ne, kuma buhun gero ya fi saniya sauƙin kwatantawa, amma darasin ya shafi dabbobi. Makiyayin da ke iya buga waya ya ji yadda kasuwa ta ci a wani gari ya rage dogaro da bakin dillali a kan farashi. Abin da waya ba ta ɗauke ba shi ne lamuni, domin jin farashi daban, samun wanda zai tsaya maka daban.

Daga wannan duka, ana iya gane abubuwan da ke yi wa amanar kasuwa barazana, kuma kasuwar Potiskum ta ɗanɗana su. Na farko shi ne rashin tsaro. A ranar Laraba 2 ga Mayu, 2012, 'yan bindiga sun afka wa kasuwar, suka kashe fiye da mutum 30, suka cinna mata wuta, dabbobi masu yawa suka halaka. Bayan asarar rayuka da dukiya, irin wannan hari da shekarun rikicin da suka biyo baya a arewa maso gabas suna taɓa tushen lissafin da aka yi bayani a sama. Mutumin da ba shi da tabbacin kasuwa za ta ci baɗi ba ya ba ribar baɗi nauyi, kuma mai bayar da bashi ya san haka, sai ya ɗaure hannu. Bugu da ƙari, satar shanu da gudun hijira suna kawo dabbobi da fuskokin da dillali bai sani ba.

Na biyu shi ne hauhawar farashi, wanda ba a cika danganta shi da amana ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba na 2024, a 1995 kuwa ta haura kashi 70. A irin yanayin 2024, wanda ya riƙe bashin naira 800,000 na tsawon wata uku ya rage masa daraja da kimanin kashi 7 cikin 100, wato wajen naira 56,000, fiye da ribar mako ta mahaucin misalinmu. Ba sai ya gudu ba. Jinkiri kaɗai ya ishe shi riba, kuma jinkiri laifi ne da ke da wuyar hukuntawa tunda kowa yana da uzuri. Falken da ke sayar da shanu bashi a irin wannan lokaci, kuɗin da zai dawo masa ba zai sayi adadin shanun da ya fita da su ba. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin kuɗi, ya nuna wata fuskar ta daban: makiyaya da yawa ba su da asusun banki, kuma ba su da dalilin yarda da saƙon waya daga baƙo, don haka ciniki ya koma kan waɗanda ke da wanda zai tsaya musu.

Hukuncin taron dangi ma yana da iyaka idan aka ɗaga shi zuwa matakin ƙasa. A ƙarshen Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu fataucin kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu, farashin nama da tumatir da albasa ya tashi a can. Amma ba a cika mako guda da kwana biyu ba aka janye a farkon Maris. Thomas Schelling, wanda ya samu lambar Nobel a 2005, ya yi bayani tun 1960 cewa barazana ba ta da ƙarfi sai in mai yin ta yana iya jure cika ta. Mai shanu yana iya riƙe dabbarsa na ɗan lokaci, mai tumatir kuwa kayansa ruɓewa suke yi a kwando, kuma ƙungiyar da ta haɗa su biyun haƙurinta bai wuce na mai tumatir ba.

Wannan bayani yana da amfani a daidai lokacin da ake ta maganar zamanantar da harkar dabbobi, musamman tun da Gwamnatin Tarayya ta kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi a 2024. A duk lokacin da irin wannan magana ta taso, akan ji masu cewa a kawar da 'yan tsakiya don makiyayi ya sayar kai tsaye. Waɗansu gyare-gyaren suna da ma'ana ƙwarai. Sikelin auna dabba da sanar da farashin manyan kasuwanni a rediyo za su rage wa makiyayi duhun kai. Alamar shaida a kunnen dabba da takardar likitan dabbobi za su rage matsalar da Akerlof ya bayyana. Rajistar waɗanda suka ƙi biyan bashi, wadda shugabannin kasuwannin arewa da na kudu za su riƙa musayarta, za ta yi aikin da wasiƙun Magaribawa suka yi, a zamanin da 'yan kasuwa suka yi yawan da ba kowa ya san kowa ba. Amma duk shirin da ya cire dillali da mai gida, dole ya faɗi wanda zai tsaya wa mahaucin da ba shi da kuɗi a hannu, da wanda za a kama in saniya ta zama ta sata. Banki yana neman jingina da takardu, kotu kuma tana ɗaukar watanni ko shekaru, alhali falken da ya sauke kaya a Legas yana bukatar kuɗinsa cikin 'yan makonni don ya sake shiga kasuwa.

Ga ɗaliban tattalin arziki na Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, da Jami'ar Maiduguri, masu neman abin da za su rubuta kundi a kai, tambayoyin suna nan a kara: kaso nawa na shanun da ke barin Potiskum ne ke tafiya a kan bashi, kwana nawa ake ɗauka kafin a biya, sau nawa ake ƙin biya, kuma nawa ne ke shiga hannun makiyayi daga kuɗin da mai cin nama ya biya a Legas. Hanyar da Udry ya bi ba ta bukaci manyan na'urori ba. Ya zaɓi gidajensa ne ya riƙa komawa gare su a kai a kai har shekara ta zagayo, yana rubuta wanda ya ba wa, da wanda ya biya, da abin da ya faru a gona tsakanin bayarwa da biya.